Na'urar wasa mai ido da kunne a falo: rikicin Xbox One da abin da ya biyo baya

A ranar 21 ga Mayu 2013 kamfanin Microsoft ya tara 'yan jarida a hedikwatarsa da ke Redmond ta jihar Washington a Amurka, ya nuna musu sabuwar na'urarsa ta wasannin bidiyo, Xbox One. Kafin a cika wata guda, a ranar 19 ga Yuni, kamfanin ya fito ya janye manyan sharuɗɗan da ya gina na'urar a kansu, alhali ko guda ɗaya ba a sayar ba tukuna. Ba kasafai katafaren kamfani irin wannan ke lashe amansa cikin makonni huɗu ba, shi ya sa har yau ake kawo labarin a matsayin nasarar masu saye. Nasara ce kuwa, amma a ganina ta rabi ce, domin yawancin abin da aka ƙi a wancan lokaci ya dawo daga baya sannu a hankali, ba tare da hayaniya ba.

Sharuɗɗan da suka tada ƙura an fayyace su ne a ranar 6 ga Yuni. Na farko, dole na'urar ta haɗu da intanet aƙalla sau ɗaya cikin kowace awa 24. In ta wuce haka ba ta gaisa da manyan kwamfutocin kamfanin ba, wasanni sun tsaya cak, ko da kuwa wasa ne na mutum ɗaya da ba ya buƙatar kowa, ko da faifansa yana hannunka. In kuma a na'urar wani ka shiga asusunka, to duk awa ɗaya za a duba. Na biyu, faifan wasa ya zama takardar shaida kawai: da zarar ka ɗora shi, an ɗaure wasan da asusunka. Sayar da shi sai a shagunan da aka amince da su, kuma sai in kamfanin da ya wallafa wasan ya yarda. Kyautar da shi ga aboki sau ɗaya tak ake yi, shi ma sai wanda ya yi kwana 30 a jerin abokanka. Na uku shi ne Kinect, wata ƙaramar na'ura mai kyamara da makirufo wadda dole a jona ta kafin Xbox One ta yi aiki.

Kinect ɗin ya kamata a tsaya a kanta, don ita ce ta mai da maganar ciniki ta koma maganar sirrin gida. Kyamararta tana gani a cikin duhu ta hanyar hasken da idon mutum ba ya gani. Tana bin motsin mutum shida a lokaci guda, tana gane fuska ta shigar da kai asusunka ba tare da ka taɓa komai ba, har ma kamfanin ya yi alfahari da cewa tana iya ƙiyasta bugun zuciya daga sauyin launin fatar fuska. Makirufonta kuma yana nan a kunne ko an kashe na'urar, yana jiran a furta kalmomin da za su tashe ta. A fagen fasaha abin burgewa ne ƙwarai. Sai dai wurin da za a ajiye ta shi ne falo, ko ɗakin kwana, inda iyali ke zama ba tare da shiri ba, inda yara ke wasa, inda ake maganar da ba a so ta fita. Wanda ya sayi na'urar shi kaɗai ya danna cewa ya amince da sharuɗɗa, amma kyamarar ba ta bambanta shi da matarsa ko baƙon da ya shigo gaisuwa.

Microsoft ya ba da amsa, kuma adalci ne a faɗe ta. Ya ce in na'urar tana kashe, abin da take saurare kawai shi ne umarnin kunnawa, kuma ana iya kashe wannan ma. Ya ce ba a naɗar hirar mutane, kuma hotuna da yanayin fuska da bugun zuciya ba za su bar na'urar ba sai da izinin mai ita. Matsalar ita ce duk waɗannan alkawura ne da mai saye ba shi da hanyar tantancewa. Na'ura ce rufaffiya, kamfanin ne kaɗai ya san abin da manhajarta ke yi, kuma tun da kullum sai ta haɗu da intanet, kamfanin na iya sauya halinta cikin dare ta hanyar sabunta manhaja. Nan ne sharuɗɗan biyu suka haɗu suka zama abu ɗaya. Kyamarar da ba ta da hanyar fita waje ba ta cika ba da tsoro ba. Haɗin intanet ba tare da kyamara ba, takura ce kawai. Amma ido da kunne da aka hana ka cirewa, a jikin na'urar da aka hana ka raba ta da intanet, wani abu ne daban.

Akwai kuma abin da ya ƙara wa mutane zargi. A ƙarshen 2012 an ga wata takardar neman haƙƙin ƙirƙira da Microsoft ya shigar, wadda ke bayanin yadda kyamara za ta ƙirga mutanen da ke kallon fim a ɗaki, in sun wuce adadin da aka biya wa lasisi a nemi ƙarin kuɗi. Kamfanoni kan shigar da irin waɗannan takardu da yawa ba tare da sun taɓa aiwatar da su ba, wannan ma ba a aiwatar ba, amma ta nuna wa jama'a irin tunanin da ake yi a ciki. A Jamus, inda tarihin leƙen asirin jama'a bai yi nisa ba, kwamishinan kare bayanai na tarayya na lokacin, Peter Schaar, ya shaida wa mujallar Der Spiegel cewa na'urar sa ido ce ake sayarwa da sunan na'urar wasa.

Sai kuma ƙaddara ta zo da nata. A ranar 6 ga Yunin nan da Microsoft ya wallafa sharuɗɗansa, a ranar ce jaridun The Guardian da The Washington Post suka fallasa shirin PRISM na hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA, daga takardun da Edward Snowden, tsohon ma'aikacin kwangila na hukumar, ya fitar. Takardun sun jera manyan kamfanonin intanet da hukumar ke samun bayanai daga wurinsu, kuma sunan Microsoft ne na farko, tun daga 2007. Kamfanin ya musanta cewa ya buɗe wa gwamnati kwamfutocinsa kai tsaye, ya ce yana miƙa bayanai ne kawai in an zo da umarnin doka kan takamaiman asusu. Ko ma mene ne, tambayar ta sauya. Da ana tambayar ko za a yarda da kamfanin, yanzu kuma sai aka koma tambayar wa kamfanin zai iya ce wa a'a. Bayanan da aka tara, ko da kyakkyawar niyya aka tara su, suna nan a ajiye ga duk mai ikon nema. Daga baya, a Disamba 2013, wasu takardun suka nuna cewa NSA da takwararta ta Birtaniya, GCHQ, sun sa ido a dandalin Xbox Live na Microsoft da wasannin World of Warcraft da Second Life.

Ta ɓangaren haɗin dole kuwa, masu wasa ba hasashe suke yi ba, sun riga sun ɗanɗana. A Mayu 2012 wasan Diablo III ya fito yana buƙatar intanet ko mutum shi kaɗai zai yi, kwamfutocin kamfanin da ya yi wasan suka kasa ɗaukar jama'a, masu saye suka kwana suna kallon saƙon kuskure. A Maris 2013, wata biyu kacal kafin a nuna Xbox One, haka ta sake faruwa da SimCity. Sannan kowa na tune da Afrilu 2011, lokacin da masu kutse suka shiga dandalin PlayStation Network na Sony suka kai ga bayanan asusu kusan miliyan 77, da sunaye da adireshi da ranakun haihuwa, aka rufe dandalin kwana 23. Hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci tarar Sony fam 250,000 a Janairu 2013. Da a ce na'urorin Sony na wancan lokaci suna da sharaɗin awa 24, da kowace ɗaya ta zama kwali na tsawon makonni uku. Wannan lissafi ne mai sauƙi, kuma mutane sun yi shi.

Abin da ya mai da ƙorafi ya zama fushi shi ne yadda aka amsa wa jama'a. A Afrilu 2013, tun ana jita-jita, wani babban ma'aikacin Microsoft mai suna Adam Orth ya rubuta a Twitter cewa bai ga abin damuwa a na'urar da ke kan intanet kullum ba, ya ce mutane su haƙura su saba, ya kuma yi wa mazauna ƙananan garuruwa shaguɓe. Cikin 'yan kwanaki ya bar kamfanin. A watan Yuni, a bikin baje kolin E3 da ake yi a Los Angeles, aka tambayi shugaban sashen Xbox, Don Mattrick, game da waɗanda ba su da intanet, sai ya ce ai akwai abin da aka tanadar musu, wato tsohuwar na'ura Xbox 360. Sojojin da ke aiki a wuraren da babu haɗi, da mazauna karkara, da mutanen ƙasashen da intanet ke zuwa yana ɗaukewa, duk sun ji abin da aka gaya musu: ba da ku ake ba. Ga ni, wannan ɓangaren ya fi na fasaha ciwo, domin ya nuna waɗanda suka tsara na'urar sun auna duniya da irin intanet ɗin da ke gidajensu.

Sony bai bar damar ta wuce ba. A ranar 10 ga Yuni, a wannan bikin, shugaban reshensa na Amurka Jack Tretton ya tsaya ya ce PlayStation 4 ba za ta buƙaci haɗin dole ba, kuma faifanka naka ne, ka sayar, ka ba da aro, ka ajiye. Zauren ya kaure da tafi. Farashinta dala 399, ta Microsoft kuwa dala 499, kuma Kinect ɗin da mutane ke tsoro ita ce babban dalilin ƙarin. Kwana tara bayan haka Microsoft ya janye sharaɗin awa 24 da na faifai. A farkon Yuli Mattrick ya koma kamfanin Zynga. A Agusta aka ce ba dole a jona Kinect ba, a Yuni 2014 aka fara sayar da na'urar ba tare da ita ba a kan dala 399, a 2017 aka daina ƙera ta gaba ɗaya. A ƙarshe PlayStation 4 ta sayu sama da miliyan 117, kusan ninki biyu na Xbox One.

Ya kamata a lura da abin da ya jawo wannan nasara. Babu wata doka da ta hana Microsoft, babu kotu ko hukuma da ta ba shi umarni. Abin da ya yi aiki shi ne akwai abokin gogayya a gefe yana sayar da abin da mutane ke so, da rahusa, a daidai lokacin da ake karɓar odar farko. Kariya ce da ta dogara da sa'a, tana aiki ne kawai in ɗaya daga cikin kamfanonin ya ga riba a saɓa wa sauran. Ranar da dukansu suka fuskanci alƙibla ɗaya, mai saye ba shi da wurin gudu.

Shirin Microsoft ba sharri ba ne zalla. A cikinsa akwai damar raba wasanninka da mutum goma na iyalinka a duk inda suke, da yin wasa ba tare da saka faifai ba, kuma duk an soke su tare da sharuɗɗan. Wasu sun yi baƙin cikin hakan, suna cewa ai dandalin Steam na kwamfuta ya daɗe yana ɗaure wasa da asusu kuma mutane na son sa. Gaskiya ne, amma Steam yana da yanayin yin wasa ba tare da intanet ba, yana yawan karya farashi, kuma a kwamfuta akwai shaguna da yawa da ke gogayya. A na'urar wasa shago ɗaya ne, mai na'urar shi ne mai shagon, shi ne kuma mai riƙe da makulli. Da kamfanin ya bar faifai yadda yake, ya ba da sababbin damarmakin ga wanda ya zaɓi sayen wasa ta intanet, da babu wanda zai ce uffan. Tilastawar ce ta ɓata komai.

Darasin da masana'antar ta ɗauka ke nan, kuma shi ne abin da ya fi damuna. Ba ta fasa tafiyar ba, ta dai daina sanarwa a kan mumbari. A 2017 Microsoft ya fara tsarin Game Pass, inda ake biyan kuɗin wata a yi haya maimakon saye. A 2020 Sony da Microsoft duk suka fitar da na'urori marasa wurin saka faifai, masu rahusa. Wasanni da yawa da ake saya a faifai yanzu ba sa cika sai an sauke wani babban kaso daga intanet. Na'urar karanta faifai da ake maƙala wa sabon samfurin PlayStation 5 na 2023 sai an haɗa ta da intanet karon farko kafin ta yi aiki. Kamfanin Nintendo, a na'urarsa Switch 2 da ta fito a Yuni 2025, ya kawo wasu katuna da babu wasan a cikinsu, makulli ne kawai na saukewa, kuma a yarjejeniyar masu amfani ta Amurka ya rubuta cewa yana iya mai da na'ura ta daina aiki har abada in an karya ƙa'idojinsa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A Mayu 2022, da dandalin Xbox ya sami matsala, mutane da dama sun kasa buɗe wasannin da suka biya kuɗinsu, abin nan dai da aka yi gargaɗi a kansa shekara tara kafin nan.

Tsoron sauraro ma bai zama na banza ba. A Agusta 2019 shafin Motherboard ya ruwaito daga bakin ma'aikatan kwangila cewa sun riƙa sauraron muryoyin da Xbox ta naɗa domin a inganta yadda take gane magana, cewa wani lokaci na'urar kan tashi bisa kuskure ta naɗi abin da ba da ita ake ba, kuma da yawa muryoyin yara ne. Microsoft ya ce ya riga ya daina wannan aiki watanni kafin rahoton. A Yuni 2023 hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka, FTC, ta sa kamfanin ya biya dala miliyan 20 saboda tattara bayanan yara 'yan ƙasa da shekara 13 kafin a sami izinin iyaye, da riƙe bayanan na shekaru ko da ba a kammala buɗe asusun ba. Watanni kaɗan kafin nan, a Disamba 2022, kamfanin Epic Games mai wasan Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520, daga ciki miliyan 275 kan keta dokar sirrin yara. Ɗaya daga cikin laifukan da aka lissafa shi ne barin hirar murya a buɗe tun daga farko, yara suna haɗuwa da baƙin da ba su sani ba.

Ba kowane sauraro ne mugunta ba, kuma a nan maganar ke da wuya. Zagi da cin zarafi a hirar murya matsala ce ta gaske, mata da yara ne suka fi shan ta. Shi ya sa PlayStation 5 ke riƙe mintuna biyar na ƙarshe na hira a cikin na'urar, wanda aka ci wa mutunci ya yanki daƙiƙa 40 ya aika a matsayin shaida. Xbox ma ta kawo irin wannan a 2023, na daƙiƙa 60. Ina ganin wannan tsari ya fi dacewa, domin naɗin yana zama a na'urar, mutum ne ke zaɓar aikawa, kuma an san dalilin. Ya sha bamban da tattara bayanai a ɓoye ba tare da an faɗi ina za su ba, ko har yaushe za a riƙe su.

Yau kyamara ma ba ita ce babbar hanyar ba. Asusun shi ne. Yana ɗauke da wasan da ka yi, da lokacin da ka fara da wanda ka tashi, da waɗanda kake hira da su, da abin da ka saya, da wurin da ka tsaya ka yi jinkiri kafin ka saya. Daga nan ana iya sanin lokacin barcin mutum, da ko yaro ne ke riƙe da na'urar, da wanda ke da saurin kashe kuɗi. Haɗin dole shi ne bututun da duk wannan ke bi. A Afrilu 2025 ƙungiyar kare sirri ta noyb da ke Vienna ta kai ƙarar kamfanin wasanni na Ubisoft gaban hukumar kare bayanai ta Austriya, tana zargin cewa tilasta haɗi a wasannin mutum ɗaya hanya ce ta tattara bayanai ba bisa ƙa'idar dokar Tarayyar Turai ta GDPR ba. Hujjarta mai sauƙi ce: in wasan na iya aiki ba tare da intanet ba, to haɗin ba don amfanin mai wasa aka sa shi ba.

Mutane ba su daina tsayawa ba. A Mayu 2024 Sony ya ce dole masu yin wasan Helldivers 2 a kwamfuta su buɗe asusun PlayStation, alhali akwai ƙasashe fiye da 170, ciki har da yawancin na Afirka, da ba a buɗe asusun a hukumance. Dubban ɗaruruwan ra'ayoyin suka a Steam suka sa ya janye cikin kwanaki. Amma wannan irin nasarar 2013 ce, ta hayaniya, mai warware abu ɗaya ta bar tsarin yadda yake. Abin da ya fi ba ni fata shi ne yadda ƙorafin ya fara komawa majalisu. Bayan Ubisoft ya rufe kwamfutocin wasan The Crew a ƙarshen Maris 2024, wanda ya sa kowane kwafi da aka saya ya mutu, wani mai shirya bidiyo a YouTube mai suna Ross Scott ya fara gangamin Stop Killing Games, yana neman a tilasta wa kamfanoni su bar wasa cikin yanayin da zai ci gaba da aiki in sun janye hannunsu. Takardar koken da aka shigar a Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a Yuli 2025, duk da adawar ƙungiyar masu wallafa wasanni ta nahiyar, wadda ke cewa hakan zai tsawwala kuɗin ƙirƙira. A jihar Kalifoniya kuma, dokar da ta fara aiki a Janairu 2025 ta hana shagunan intanet rubuta "saya" a kan abin da lasisi ne kawai, sai sun faɗa wa mai biya a fili.

Dokar Kalifoniya ba ta hana kamfani ƙwace wasa ba, ta dai sa shi ya faɗi gaskiya kafin a biya. Abin da nake so a gani ya wuce nan. Wasan da ba ya buƙatar kowa ya yi aiki ko an zare waya. Kyamara da makirufo su zo a kashe, mai gida ne zai kunna. Kuma wanda ya ƙi a tattara bayanansa kada a hukunta shi ta hanyar hana shi abin da ya riga ya biya kuɗinsa. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da ya fi ƙarfin fasaha: Microsoft da kansa ya cire sharaɗin awa 24 ta hanyar sabunta manhaja guda ɗaya a ranar da na'urar ta fito kasuwa, 22 ga Nuwamba 2013.